Inda na kai a awon laba da oza wajen gashin kek

'Yan'uwa masu koyon gashin kek, a wannan makon na ajiye batun ado da kirim, na zauna a kan awo, domin yawancin tsofaffin girke-girken Ingila da nake bi da laba da oza aka rubuta su, alhali sikelina giram ya fi nunawa. Laba ɗaya oza 16 ce, kuma tun yarjejeniyar da Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe suka yi a 1959 aka tsayar da ita a kan giram 453.59, wanda ya sa oza ɗaya ta zama giram 28.35. Rabin laba oza 8 ke nan, wato kimanin giram 227, rubu'inta kuma oza 4, kimanin giram 113, wanda shi ne nauyin sandar bota guda da girkin Amurkawa ke ambata.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne ninka girki. Ina da wani kek mai sauƙi da ake zuba oza 6 na fulawa, oza 6 na sukari, oza 6 na bota da ƙwai uku. Da aka buƙaci na suna, sai na ninka shi sau uku, kowane sinadari ya koma oza 18, wato laba ɗaya da oza 2, ko giram 510. Littattafai da dama suna ɗaukar oza a matsayin giram 25 don sauƙin lissafi, kuma a ƙaramin kek hakan ba ya yin illa sosai, amma a oza 18 lissafin zai ba da giram 450 kawai, fulawa ta ragu da giram 60 alhali ƙwai tara suna nan yadda suke. Kwaɓin zai yi ruwa, kek ɗin kuma yana iya lotsawa a tsakiya. Shi ya sa yanzu nake mayar da komai oza tukuna, in ninka, sannan in juya zuwa giram sau ɗaya a ƙarshe.

Ku kula da sikelin lantarki idan kun sa shi a laba. In ya nuna 1.5, laba ɗaya da oza 8 yake nufi, ba laba ɗaya da oza 5 ba, haka nan 1.25 laba ɗaya ce da oza 4. Ozar da ake auna madara da ita kuwa ta yawan ruwa ce, ba ta nauyi ba, kuma ta Ingila mililita 28.4 ce, ta Amurka 29.6.

Dabarar da ta fi yi mini daɗi ita ce ta tsofaffin masu gashi a Ingila, inda ake ɗora ƙwai da ɓawonsu a kan sikeli, sannan a auna fulawa da sukari da bota kowanne daidai da nauyin ƙwan. Tunda ƙwan da muke saya a kiret ɗaya ma girmansu ba ya zama ɗaya, na ga wannan hanyar ta fi dacewa da mu. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan gwada ta a kek mai laba ɗaya na kowane sinadari.