Daga Uyuni Zuwa Iyakar Cile

Garin Uyuni da ke kudu maso yammacin Boliviya ba shi da wani abin kallo, sai iska da ƙura, amma daga nan ake tashi zuwa filin gishiri mafi girma a duniya. Da sassafe aka zuba mu a wata Land Cruiser da ta sha jiki. Direba ya ɗaure jarkokin fetur da tukunyar gas da jakunkunanmu a saman mota, domin idan aka bar gari babu gidan man da za a dogara da shi. Shi ne direba, shi ne ɗan jagora, shi ne bakanike, kuma shi ke haɗa mana abincin rana.

Mun ɗan tsaya a makabartar jiragen ƙasa, inda tsofaffin kawunan jirgi da suka yi jigilar ma'adinai zuwa bakin teku suke ta tsatsa. Daga nan sai ƙauyen Colchani, inda mutane ke kankare gishiri, su tara shi tsibi-tsibi ya tsane, su ƙarasa busar da shi a kan wuta, sannan su ƙulla a leda.

Muna fita ƙauyen ƙasa ta ƙare. Fari fat ko ta ina, sama da murabba'in kilomita 10,000, a tsayin mita 3,656 daga teku. Tsohon tafki ne da ya ƙafe tun dubban shekaru. Na durƙusa na duba: gishirin ya tsattsage gida-gida, kowane gida da kusurwa biyar ko shida, gefensa ya ɗan taso, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ba a cire baƙin tabarau a nan, hasken yana iya lahanta ido. Babu titi, babu alamar hanya, wayoyinmu duk sun zama na ɗaukar hoto kawai. Direban kuwa da duwatsu yake lissafi. Ya nuna mini dutsen Tunupa can arewa, ya ce, “Ɗan'uwa, muddin ina ganin wancan, na san inda nake.” Ya kuma san wuraren da ɓawon gishirin ya yi laushi, musamman bakin-baki, inda mota kan nutse a taɓo ta kwana. Ban taɓa miƙa wa baƙo raina gaba ɗaya irin haka ba, kuma bai ba ni kunya ba.

A tsakiyar farin akwai tsibirin Incahuasi, cike da dogayen itatuwa masu ƙaya, kamar ƙerana amma sun ninka tsayin mutum sau huɗu ko biyar. Can ne ya yi mana zancen litiyam, sinadarin batirin waya da motar lantarki, wanda ke jibge a ruwan da ke ƙarƙashin gishirin. Fatansa a haƙa a amfana, tsoronsa kada haƙar ta cinye ruwan sha. Na fahimce shi, domin noman kinuwa, wani irin hatsi, da kiwon lama, wata dabba dangin raƙumi, su ne abincin mutanen yankin, kuma duka biyun sai da ruwa.

Daren farko a ɗakin da aka gina da tubalin gishiri muka kwana. Wahalar gaske sai da muka nausa kudu, hanya ta fara hawa. A hamadar Siloli numfashi ya soma yi mini wuya. Taku goma, sai in tsaya ina haki, kai na sarawa. Direba ya miƙo mini ganyen koka, irin wanda mutanen wurin ke dunƙulawa a kunci, ya ce in yawaita shan ruwa, in daina sauri. Wata matafiya a cikinmu ta yi ta amai, leɓenta ya canza launi. Bai ɗaga murya ba, ya sauya tsarin tafiyar, ya riƙa duba ta kowane lokaci har ta warware.

Tafkin Colorada, mai tsayin kusan mita 4,300, ja ne saboda gansakukar da ke cikinsa, ga farin sinadarin boras a gefe-gefe. Dubban tsuntsayen filamingo suna tsaye a ciki, kai a ƙasa, suna tace ruwa da baki. Yankin duk yana cikin gandun Eduardo Avaroa da aka kafa a 1973. Sanyin daren nan kuwa ba a magana; ruwan gorata ya daskare a cikin ɗaki.

Tun da duhu muka tashi zuwa Sol de Mañana, kusa da mita 4,900, inda ƙasa ke fesar da tururi, laka na tafasa a ramuka, warin farar wuta ya cika hanci. Babu shinge ko ɗaya. Direba ya ce mu taka inda ya taka, kuma babu wanda ya yi gardama.

A iyakar Hito Cajón, a gindin dutsen Licancabur, muka yi sallama. Ya sauke jakunkunanmu, ya duba tayoyi, ya juya zai yi yini guda a hanya kafin ya kai Uyuni, ga wasu baƙin na jiransa washegari. Mu kuma bas ta gangara da mu kusan mita 2,000 zuwa San Pedro de Atacama a Cile, kafin mu isa ciwon kaina ya sake ni.