Godiya bayan taron masoya anime a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Alhamdulillah, taronmu na masoya anime, wato finafinan zane na Japan, ya tashi lafiya, waɗanda suka zo daga Argungu, Jega da Zuru duk sun kira sun ce sun sauka. Sai yau muryata ta dawo, shi ya sa kuka ji ni shiru kwana biyu.

Zan fara da Yayarmu da ta koyar da zane mai motsi, don gaskiya ita ta riƙe taron. Ba ta taɓa kwamfuta ba. Tsofaffin littattafan rubutu ta raba wa yara, ta ce kowa ya zana ƙwallo a kusurwar kowane shafi, yana ɗan gusa ta kaɗan-kaɗan, sannan ya kaɗa shafukan da babban yatsa. Da ƙwallon wani yaro ta fara tsalle, ihun da ya yi har bakin titi an ji. A nan ta bayyana cewa fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma tun 1963 da aka fara nuna anime mako-mako a talabijin ɗin Japan, masu zane suka saba barin zane ɗaya ya tsaya hoto uku, sai ya zama zane 8 ya wadatar. Rashin kuɗi da ƙurewar lokaci ne suka haifi salon da muke mutuwar so. Yaya, Allah Ya ƙara basira.

Zaman tattaunawa kan sa murya kuwa, saura kaɗan ya zama rigima. Wasu na son a riƙa fassara anime da Hausa kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya, wasu sun ce a bar muryar Japananci, a karanta rubutu a ƙasa. Malamin da ya jagoranta ya nuna mana cewa bakin ɗan anime yawanci siffa uku ne, a rufe, a ɗan buɗe, a wangame, don haka daidaita magana ba ta kai wahalar ta fuskar mutum ba. Inda aka cije shi ne kalmomin girmamawa. An yarda senpai ya zama Yaya, sensei ya zama Malam, amma kalmar da suke faɗa kafin cin abinci har aka kira la'asar ba a daidaita ba. Ni dai ina bayan masu Hausa. Malam, mun gode da haƙuri da mu.

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan zaman, injinmu ya ƙi tashi. Maƙwabcinmu mai shagon caji ya kashe sana'arsa ta yini ya turo mana nasa a baro, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Allah Ya mayar da ninki.

Godiya ga telan da ya kwana yana ɗinka kayan shiga, ga 'yan matan da suka fito da shigar jarumai da hijabansu tsaf, da Innarmu da ta aiko da zoɓo da kunun aya masu sanyi.

Sai Baban da ya rako jikarsa, ya ce ya zo ya ga abin da ke cinye mata data. Ya zauna fuska a ɗaure har aka miƙa masa littafin manga, wato littafin labari cikin zane na Japanawa. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce: "Yaro, wanga littafi daga dama ake buɗe shi, kamar na ajami?" Na ce haka ne, Baba, haka Japanawa suke buga shi. Bai tashi ba sai da aka watse, har ya tambayi kuɗin fensir. Baba, zuwanka ya fi mana komai.

Wanda muka ɓata wa, ko ya rasa kujera, ya yafe mana. Akwai wanda ya manta littafinsa mai zanen masunci riƙe da ƙwarya da homa, shafi 30 cur, kifin yana motsi. Yana wurina, ka zo ka karɓa.