Jan ɗakin tafi-da-gidanka da babbar a-kori-kura: nauyin kan ƙusa ne abin dubawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Apapa ko Tin Can ya ga yadda kan tirela ke yin ribas ya shige ƙarƙashin bodi, to ya riga ya san rabin wannan magana. Akwai faranti mai tsaga a bayan kai, akwai ƙusar ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin gaban bodi, ƙusa ta shiga tsaga, haƙora su cafke ta. Irin wannan haɗin ne Amurkawa suka rage wa girma suka dasa a cikin bodin manyan a-kori-kura, irin su Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500HD, suna jan ɗakin kwana mai taya wanda gabansa ke hawa kan motar. Farantin suke kira taya ta biyar, sunan da suka gada tun zamanin keken doki. Kaurin ƙusar inci 2 ne, wato milimita 50.8, daidai da ta yawancin tirelolin da ke ɗaukar kwantena a nan Legas.

Amfanin haɗin shi ne nauyin gaban ɗakin yana sauka a saitin tayoyin baya, ko ɗan gaba da su kaɗan. Shi ya sa ba ya wutsil-wutsil a kan hanya kamar tirelar da aka maƙala a bamba. Amma a nan ɗin ne kuma mai saye ke yin kuskuren da ya fi tsada. Alhaji zai tambayi ƙarfin inji, a ce masa motar nan tana jan tan goma, hankalinsa ya kwanta. Ja daban, ɗauka daban. Tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin ɗakin a kan ƙusa yake zama, kuma motar ɗaukarsa take yi a bayanta kamar buhunan shinkafa.

Ga yadda ake lissafin. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda mai ruwan ɗorawa da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya, da wata da aka rubuta GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da GAWR, iyakar abin da kowane aksil zai ɗauka. Idan da fam aka rubuta, raba da 2.2 ka samu kilo. A ce ɗakin da kake so, in an cika shi, kilo 7,000 ne. Kashi 20 na wannan kilo 1,400. Ƙara farantin kansa da sandunan da ke riƙe shi, wajen kilo 100. Ƙara mutum huɗu, kilo 300. Janareta da jarkokin mai da akwatin sifana, a ce 150. Ka kai kilo 1,950 ke nan, alhali ba a zuba komai na alatu ba. Da yawa daga cikin F-250 da Ram 2500 masu injin dizal ba su da wannan sararin, domin injin dizal ɗin kansa nauyi gare shi, ya riga ya cinye wani kaso. Ni dai a ganina, ɗakin da ya kai tan bakwai mota mai taya huɗu a baya ta dace da shi, ko da kuwa faɗinta zai wahalar da kai a lungunan Agege. Kada a ruɗe ka da balan-balan ɗin iska da ake sa wa sifirin. Suna ɗaga bayan mota ya daidaita a ido, amma ba sa ƙara wa aksil ko taya ko kilo ɗaya. Kuma ruwa ma kaya ne: kowace lita kilo ɗaya, tankin lita 300 cike daidai yake da fasinja huɗu. In ka samu sikelin manyan motoci, auna motar ita kaɗai, sannan ka auna da ɗakin a ɗaure. Bambancin da ka gani a nauyin motar shi ne ainihin abin da ke kan ƙusa.

Wajen dasa faranti, a kiyayi mai walda. Ba a liƙa shi a ƙasan bodi, domin ƙasan bodi falle ne kawai. Akwai ƙarafan da aka ƙera wa kowane samfurin mota, waɗanda ake ɗaure su da noti a jikin shasi, wasu motocin ma daga kamfani suke zuwa da ramukan a shirye. Walda a shasi tana raunana ƙarfen a daidai inda ya fi shan wahala. Tsawon bodi ma yana da magana. Mai ƙafa 8 babu damuwa. Mai ƙafa shida da rabi, in ka karya kwana sosai, kusurwar ɗakin za ta iya fasa gilashin baya, sai dai a sa faranti mai zamewa wanda ke ja da baya a lokacin kwana. Sannan a bar tazarar aƙalla santimita 15 tsakanin saman gefen bodi da ƙasan gaban ɗakin. A titunanmu masu rami da tudun rage gudu, gara a ƙara a kan haka. Ɗakin kuma ya tsaya a miƙe in an ɗaura. Idan gabansa ya ɗaga sama, aksil ɗinsa na baya ne zai ɗauki yawancin nauyi, tayoyinsa su yi zafi su fashe.

Ɗaurawa tana son natsuwa, a sallami masu surutu. Sa weji a tayoyin ɗakin gaba da baya. Sauke ƙofar bodi. Buɗe haƙoran faranti. Da ƙafafun gaba na ɗakin, daidaita tsayi yadda ƙarfen da ke riƙe ƙusa zai kasance ƙasa da saman faranti kaɗan, kamar faɗin yatsa, don in ka yi ribas ya hau kan farantin da kansa. Wannan ɗan faɗin yatsan shi ne komai. Idan ɗakin ya yi sama da yawa, ƙusa za ta hau kan haƙora maimakon ta shiga tsakaninsu, hannun farantin ya rufe, ka ji ƙara kamar ya kama, alhali babu abin da ke riƙe da shi. Da ka ja, ɗakin ya zame ya faɗo kan gefen bodi ya lotsa shi. Saboda haka bayan ka ji ƙarar, sauka da tocila ka leƙa: babu haske tsakanin faranti da ƙarfen sama, haƙora sun kewaye wuyan ƙusa, sannan ka sa makullin hannu. Jona wayar mai baki bakwai da ke kai wa fitilu da burkin ɗakin wuta, ka maƙala siririyar igiyar burkin gaggawa a jikin motar, ba a jikin faranti ba. Ɗaga ƙafafu kamar santimita 3 daga ƙasa, riƙe burkin ɗakin da hannu, sa giya ka ɗan ja. In bai kama ba, a kan ƙafafunsa zai faɗa. In ya kama, ɗage ƙafafu duka, rufe ƙofar bodi, cire weji. Ko yaron mota ya rantse ya duba, direba ya sake dubawa da idonsa.

Burkin ɗakin na lantarki ne, ba na iska ba kamar na tirela, kuma wata ƴar na'ura da ke kusa da sitiyari ce ke tura masa wuta. A fili marar cunkoso, yi gudun kilomita 40 ka matse hannunta. In tayoyin ɗakin sun kulle suna ja, rage lamba. In ɗakin na ingiza motar, ƙara. A sake gwadawa duk lokacin da kaya suka canza ko aka yi ruwa. Igiyar gaggawa kuwa da batirin ɗakin take aiki, mataccen batiri yana nufin in ɗakin ya kuɓuce babu abin da zai tsayar da shi. A gangara, irin ta wajen gadar Otedola, sauka da ƙaramar giya da burkin salansa, wanda ke rage gudu ta hanyar toshe hayaƙin inji, a riƙa taka burki a saki. Ɗora ƙafa a kai har ƙasa shi ke ƙona shi.

Tayoyin da ɗakin ya zo da su daga jirgi sun fi komai yaudara. Zanensu na nan sabo, amma robar ta tsufa a tsaye. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya su ne mako da shekarar ƙira: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Wadda ta haura shekara biyar ko shida a canza ta. Da yawansu an ƙayyade musu gudun kilomita 105 a awa. A auna iska da safe kafin a taka, da gejinka, ba da bugun ƙarfen mai faci ba. A sake ɗaure notin taya bayan kilomita 80 na farko, a kuma sa wa boris sabon giris duk shekara. Wanda ya ratsa ambaliyar Lekki ko Oshodi da damina kada ya jira shekara, ruwa ya riga ya shiga.

Auna tsayin ɗakin bayan an ɗaura, har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, ka rubuta a takarda ka manna a gaban direba. Yawancinsu sun kai mita 4. Wayoyin wuta da suka sunkuyo a Mile 12 da Idi-Araba, da shingen ƙarfe da ake kafawa a bakin wasu gadojin sama irin ta Ojuelegba, duk da wannan lambar za ka auna su. A kwana, tayoyin ɗakin suna yanke ta ciki, don haka a wuce gaba sosai kafin a juya, a kuma duba madubi saboda ƴan Keke da masu babur da ke kutsawa ta gefe. A 2012 dokar hanya ta jihar Legas ta hana tirela yawo a cikin gari daga 6 na safe zuwa 9 na dare, shi ya sa kafin ka fito da shi ka je wurin FRSC da VIO a rubuta maka ajin da ya faɗa da irin lasin da ake bukata.

Saura abu biyu da ke lalata kayan Amurka a nan. Na farko mai. Injinan nan, Power Stroke da Cummins masu lita 6.7 da Duramax mai 6.6, an yi su ne don dizal mai ƙarancin sulfa, kuma famfon mansu ba ya jure ruwa ko datti. Dizal ɗin jarka na bakin hanya zai iya kashe famfo, ɓarɓashin ƙarfe ya bi ya lalata nozul duka. A riƙa tsiyaye matatar ruwa, a ajiye filta biyu a mota, a kuma tanadi AdBlue, ruwan da ke tsabtace hayaƙin dizal, domin in ya ƙare kwamfutar motar rage mata gudu take yi. Na biyu wuta. Kayan cikin ɗakin na bolt 120 ne, tamu kuwa 230. Mai gyaran wuta ya canza fulogi kawai ya jona, a take caja da firji da na'urar sanyi za su ƙone. Sai da tiransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin duk abin da za a kunna lokaci guda. Ko da ita ma, na'urar sanyin an yi ta ne don bugun 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, za ta riƙa zafi tana rage aiki, don haka in za a zauna a ciki sosai gara a cire ta a sa irin wadda ake sayarwa a Alaba.