Ragowar da ban zana ba

Da safe na tashi cikin farin ciki. R² ɗina, wato lambar da ke nuna yadda layin rigireshin (layin hasashe) da na ja ya dace da bayanaina, ya yi sama sosai, har na tura wa Yaya hoton sakamakon tun kafin in fita.

Malam bai ko kalli lambar ba. Ya ce, "Kin zana ragowar?" Na ce ai na yi gwajin Shapiro-Wilk, mai duba ko lambobi sun bi siffar ƙararrawa, kuma lafiya lau ya fito. "A kan me kika yi gwajin?" Na ce a kan y, wato abin da nake son hasashensa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ba y ake buƙatar ta bi siffar ƙararrawa ba, ragowa ce, wato tazarar da ke tsakanin abin da aka auna da abin da layin rigireshin ya yi hasashe. Nan take ya sa na buga umarnin zane plot() a manhajar lissafi ta R, muka tsaya a kan zane na farko. Ɗigogin sun taru a hagu, suna ta bazuwa zuwa dama kamar bakin mazurari. Ya ce gangaren layin ba lallai ya karkace ba, amma ma'aunin kuskurensa ya lalace, don haka duk ƙimar p (lambar da ake auna ƙarfin hujjar sakamako da ita) da nake alfahari da ita ba abin dogaro ba ce. Gabana ya faɗi.

Sai ya nuna mini tarin bayanai huɗu na masanin ƙididdiga Anscombe, na 1973. Ɗigo 11 kowanne, layi ɗaya, y = 3 + 0.5x, R² kusan 0.67 duka. Amma da aka zana su, ɗaya lanƙwasa ce zalla, na huɗu kuma ɗigo guda ne ya ja layin gaba ɗaya. Na daɗe ina kallon na huɗun.

La'asar: gwajin Breusch-Pagan, mai duba ko bazuwar ragowa tana canzawa, ya tabbatar da maganar Malam. Na ɗauki logarizim ɗin y, mazurarin ya ragu. Ɗigo ɗaya ya yi fice a tazarar Cook, wato ma'aunin yadda ɗigo guda ke jan layi, ban cire shi ba tukuna.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Mutanen da ke cikin bayanaina, wasu sau uku aka auna su, kuma na lissafa kowane awo kamar na mutum daban. Logarizim ba zai gyara wannan ba. Malam bai sani ba tukuna, da wannan maganar zan fara gobe.