Igiyar da Ta Yanka Reshe da Wadda Ta Riƙe Shi

Hannayen maƙwabcina sun daina iya ƙulla igiya tun kafin in tare a gidan da ke jikin nasa a Hamilton, lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Dattijo ne, ciwon gaɓɓai ya kanannaɗe masa yatsu. A bayan gidansa akwai tukwane huɗu na tabar wiwi, domin dokar da ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba, 2018 tushe huɗu kacal ta yarje wa kowane gida, ko mutum nawa ne a cikinsa. A lardin Kebek ma ko ɗaya ba a yarda a shuka a gida ba. Na san yadda kalmar wiwi take sauka a kunnen mutanenmu. A Najeriya shuka ta laifi ne da zai haɗa mutum da hukumar NDLEA, ni kuma ban taɓa kai ta bakina ba. Amma da man da yake haɗawa daga furenta bawan Allahn nan yake samun barci, don haka ranar da ya leƙo ta saman shinge ya ce, "Ɗana, ko za ka ara mini yatsunka?" sai na ce, "To, Baba."

Aikin shi ne lanƙwasa rassa a ɗaure su. Idan aka bar shukar, tsaye take miƙewa da kai ɗaya, saboda tohon da ke can ƙololuwa yana fitar da wani sinadari mai suna oksin wanda ke danne tohon gefe. Da zarar ka kwantar da kan ya yi ƙasa da sauran jikin, sai 'yan gefen su sami sarari su taso kai ɗaya, kowa ya sha rana. Muna farawa a watan Yuni, lokacin da shukar ta yi gaɓa biyar ko shida, karanta na da taushi kamar ɗanyen karan rama.

Zaren fatsa na fara ɗaukowa, don shi ne a hannu, ga ƙarfi, ga ba ya ruɓewa. Na zarge reshen, na ja, na ƙulle. Bayan kamar kwana goma Baba ya kira ni, bai ce komai ba, ya dai nuna da haɓa. Na durƙusa na duba. Zaren ya nutse cikin ɓawo har ba a ganinsa, sama da wurin ya kumbura kamar yatsan da zobe ya matse, ƙasa kuma ya tsuke. Ganyen ƙarshen reshen sun fara yin ɗorawa. A ƙarƙashin ɓawon nan siriri hanyar abincin shukar take, ni kuma na shaƙe ta. Abin da ban lissafa ba shi ne kara yana ƙara kauri kullum, zare kuwa yadda ka ƙulla shi haka zai zauna. Sai da na sa reza a hankali na ciro shi, tabon bai ɓace ba har girbi.

Ɗaurin robar nan mai haƙora da masu wayarin lantarki ke amfani da shi, shi ma haka: yana matsewa, ba ya sassautawa. Tsurar wayar ƙarfe kuma, idan iska ta kaɗa reshe, goge ɓawon take yi kamar zarto.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne igiyar buhu, irin ta gashin jut, domin na yarda da ita ƙwarai. Ta tuna mini da igiyar rama da muke tufkawa a gida, tana da kauri, ba ta yanka. Duk bazara ba ta ba mu matsala ba. Amma a nan shukar tana fara fure ne a watan Agusta idan yini ya ƙara gajarta, sannan Satumba ta zo da yayyafi da raɓa mai nauyi. Igiyar ta sha ruwa ta ƙi bushewa. Inda ta ratsa kusa da wani dunƙulen fure, na buɗa da yatsa na tarar ciki ya yi ruwan toka, ya yi laushi, fumfuna ta cinye shi daga ciki alhali waje lafiya lau. Muka yanke shi har da na kusa da shi muka zubar. Ga gashin igiyar da ke manne wa danƙon furen, ba ya fita. Tun daga nan ba na barin duk abin da ke riƙe ruwa, ko tsumman auduga ne, ya wuce farkon fure a jikin reshe.

Abin da na tsaya a kai shi ne wayar lambu mai rigar roba, mai kaurin kusan milimita 3 zuwa 5. Kuma ba na ƙulla ta. Ƙugiya nake yi, buɗaɗɗiya, in rataya ta a kan reshen yadda ɗan yatsana zai iya shiga tsakani, ɗaya bakin kuma in sa shi a hujin da na huda a leɓen tukunya. A tukunya nake kafawa ba a ƙasa ba, don in an juya ta ko an matsar da ita kada ɗaurin ya fizge reshe. Kafin in lanƙwasa kai, sai na fara tokare gindin karan ta ɗaya ɓangaren, in ba haka ba saiwa ce za ta ɗago. Manyan rassa masu nauyi kuwa, tsohuwar safar mata ta nailan da aka yayyanka ta fi komai: tana da faɗi, tana miƙewa, tana saurin bushewa. Wannan dabarar Baba ce, da ita marigayiya matarsa take ɗaure tumatir.

Sau ɗaya na yi gaggawa a kan reshen da ya fara ƙwari, na ji ƙas. Bai rabu ba, ɓawo na riƙe da shi ta gefe ɗaya. Na mayar da shi mazauninsa, na sa ɗan tsinke a matsayin karan ɗori, na naɗe da tef. Cikin mako biyu ya haɗe, wurin ya yi ƙulu ya fi ko'ina ƙarfi. Yanzu kaɗan-kaɗan nake lanƙwasawa, yau kaɗan, jibi in ƙara, kuma da la'asar, lokacin da rana ta sa karan ya yi laushi, ba da sassafe da ya cika da ruwa ba.

Duk bayan kwana uku nake zagayawa. Baba yana zaune a kujerarsa da bargo a gwiwa, ni kuma ina bin ƙugiya ɗaya bayan ɗaya ina zura yatsa. Wadda yatsa ya ƙi shiga sai in buɗa ta, in matsar da ita gaba da gaɓa guda.