Abin da hot dog yake ɗauke da shi, da abin da yake yi wa jiki

Hot dog sosej ne na niƙaƙƙen naman saniya, ko kaza, ko alade, da ake sakawa a tsakiyar dogon burodi, kuma saukin haɗawarsa ne ya sa mutane ke rububinsa. Sai dai wanda ya juya ledar ya karanta bayanin da ke bayanta zai ga cewa amfanin da jiki ke samu bai taka kara ya karya ba. Sosej guda na naman saniya mai nauyin kusan giram 50 yana da kalori kimanin 150, furotin ɗinsa bai wuce giram 6 ko 7 ba, alhali kitsensa ya kusa ninka hakan.

Abin da ya fi damuna shi ne gishiri. Sosej ɗin yakan ƙunshi sinadarin sodiyam kimanin miligiram 500, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba babban mutum shawarar kada ya kai miligiram 2,000 a rana, wato guda biyu kawai sun cinye rabin rabonsa tun kafin a lissafa burodin, wanda shi ma yana da nasa. Mai hawan jini ya kamata ya yi hattara sosai.

Akwai kuma sinadarin nitirait da ake zubawa domin hana ƙwayoyin cuta girma da kuma riƙe jan launin naman, wanda idan aka gasa shi a wuta mai tsanani har ya yi baƙi yakan rikiɗe zuwa sinadarai masu haɗari. A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Lyon a Faransa, ta sanya naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji, tana cewa cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin dajin babban hanji da kusan kashi 18 cikin 100. A ganina illar tana cikin mayar da shi abincin kullum ne, ba cinsa jefi-jefi ba.

Mai juna biyu ta ɗumama sosej ɗin har sai ya yi tururi domin kashe ƙwayar cuta mai suna listeriya. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 4 kuwa, kaurin sosej ɗin daidai yake da maƙogwaronsa, yana iya shaƙe shi, don haka a tsaga shi a tsaye a yayyanka ƙanana kafin a miƙa masa.