Marsandina da Sanyin Janairu a Jamus

Tun ina ƙarami nake son tsohuwar Marsandi, irin wadda Baba ya yi shekaru yana tuƙawa. Da na ɗan samu abin hannu a Jamus, ita na nema: 240D ƙirar W123, ta shekarar 1982, mai shan dizal. A nan, motar da ta kai shekara 30 kuma an kula da ita, ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe. Ranar da aka ɗaura wa tawa, hotonta sai da ya zagaya dangi kaf.

Sai Janairu ya shigo. Da asuba na murza makulli, na jira fitilar hita fulogi, masu ɗumama injin dizal kafin ya tashi, ta mutu, na ƙarasa murzawa. Injin ya yi nishi, daga nan sai ƙas-ƙas-ƙas. Ga shi ta tare rabin hanyar fita daga harabar gidan. Maza majiya ƙarfi suka riƙa raɓa ni suna wucewa, babu mai cewa sannu, balle a sa hannu a tura ta gefe. Wata mata ta leƙo ta taga, ta ɗaga hannu ta nuna min agogonta. Wannan agogon ya tsaya min a rai har yau. Ni da nake gaishe ta kullum!

Yatsuna sun sandare, da ƙyar na kira gida.

"Baba, motar ce ta ƙi tashi."

"Kara wayar kusa da injin, ka sake." Ya saurara. "To kunna manyan fitilu, ka murza. Sun dushe?"

"Sun kusa mutuwa, Baba."

"Ba kik ba ne, ɗan nan. Da kik ne, ƙas ɗaya za ka ji, fitilu na nan tangaran. Buɗe bonet ka duba kan batir."

Wani farin gari mai ratsin kore ya lulluɓe kawunan biyu. Ya sa na fara kwance na ragi, wato mai alamar (-), na kankare su har ƙarfe ya fito fes, na ɗaure tam, na bi wayar da ke kama jikin mota ita ma na matse ta. Duk da haka sai da wani abokin aikina ya zo muka yi jona da batirinsa kafin ta tashi.

Daga baya na sa mita. Batir mai lafiya, in ya huta, yana nuna bolt 12.6, in ya sauko 12.2 rabin cajinsa ya tafi. Nawa 11.9 ya nuna, kuma da na murza makulli ya faɗi ƙasa da 9.6, iyakar da bai kamata ya ƙetare ba. Altaneta mai cajin batir kuwa lafiya lau, tana ba da wajen 14. Sanyi ne ya tona asirin batirin: yana rage masa ƙarfi, baƙin mai ya yi kauri, ga hita fulogi sun sha rabonsu tun kafin kik ya taɓa injin, ga gajeruwar tafiya zuwa aiki ba ta mayar da cajin. Shi ya sa ƙarfin tayarwa da ake rubutawa a jikin batir a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ake auna shi. Na sayi sabo.

Mutumin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, da kunne kawai ya gano ciwon. Amma a wayar nan na ji tarin da yake ƙoƙarin dannewa, kuma sai da na matsa wa Umma ta faɗa min ya daina tuƙi saboda idonsa. Tasa motar tana ajiye, batirinta ya mutu murus, ƙanena har ya fara zancen a sayar. Na ce masa ko kusa. Na ce ya sayo batir, ya cire wayar ragi in za ta daɗe a ajiye, ya riƙa tayar da ita yana zagayawa da Baba a gaba. Kuɗin batirin da na likitan ido duk a wuyana.